Ƙarar da Aka Kora Ba a Saurara Ba



Na gaji da littattafanmu da ke kai jarumi kotun ɗaukaka ƙara, shafi biyu alƙalai sun wanke shi, sai biki. Wace kotun ce wannan?

Doka ta ba wanda aka ɗaure kwana 90 ya ɗaukaka ƙara. Ku ɗauki wanda ke kulle a gidan yarin Kaduna, ba lauya, dangi sun gaji da zarya. Kwanakin su wuce, sai ya fara roƙon ƙarin lokaci tukuna. A 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da watsi da ƙarar da Ralph Uwazuruike, shugaban MASSOB, ya ɗaukaka, don lauya ne ya sa hannu a takardar, ba shi ba. Ko hujjarsa ba a duba ba. Shi fa mai suna ne, da lauyoyinsa. Ina ga ɗan dako a Kawo?

Lauyoyi za su ce ƙa'ida ƙa'ida ce. To, amma wanda ya yi kuskuren ya kwana gidansa, wanda bai iya karanta takardar ba ya koma kurkuku.

Wannan babin ne kuke tsallakewa. Ku je kotun nan Kaduna ku zauna, zaman a buɗe yake.