Za ka sayi tsohuwar mota? Bar kunyarka a gida 🧵

1/ Jama'a ku matso, yau zaren mota ne. Ni ba bakanike ba ne, ɗalibi ne ɗan aji uku, ko keke ban mallaka ba. Amma sau biyu ina raka mutane sayen tsohuwar mota, kuma ta farko saura ƙiris ta raba zumunci a gidanmu. Abin da na gano shi ne ba rashin sanin mota ne ya fi cin kuɗinmu ba. Kunya ce.

2/ Bara waccan yayana ya haɗa tarin shekara uku, Hajiyarmu ta cika masa da kuɗin adashinta, zai sayi Honda Accord 2004, wadda ake ce wa EOD. Dillalin abokin kawunmu ne. Aka tafi da ni a matsayin ɗan boko. Aikin da na yi a wajen? Na gwada rediyo da AC 😭

3/ Bayan La'asar muka je. Mota ta sha wanka, tayoyi sai ƙyalli, ciki ƙamshin turare. Injin ma da ɗuminsa, wai "na ɗan tayar muku da ita ne". Yaya ya ce bari ya kira bakanikensa, sai dattijon nan ya dafe ƙirji: "Haba ɗana, ni zan cuce ka? Sahu ɗaya muke sallah da kawunka fa."

Yaya ya mayar da waya aljihu. Zagaye ɗaya a cikin layi, aka tura kuɗi.

4/ Kwana tara ta yi. A hanyar Zariya, wajen Kwanar Dangora, allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe bonet. Gasket ya ƙone, tof ya lanƙwashe. Da aka ja ta gareji aka buɗe dashbod, sai ga gurbin ƙwan fitilar cek injin wayam. An cire shi tuntuni.

5/ Har yau ban ce dattijon nan ya sani ba. Wataƙila shi ma haka aka kawo masa ita. To ai nan ne matsalar. Dillali zai iya rantse maka da zuciya ɗaya a kan motar da bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Rantsuwarsa shaida ce a kan halinsa, ba a kan injin ba. Duba mota ba zargi ba ne. Ko ragon layya sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙori, mai ragon bai taɓa cewa an ci mutuncinsa ba.

6/ Abu na farko da na koya, kuma kyauta ne: ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Da zuwanka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, ka ce sai gobe. Injin da ya gaji, a tashin farko na safe yake tona kansa: ƙarar kas-kas, jinkirin kamawa, hayaƙi. Da ya yi zafi sai ya yi lumui kamar mutumin kirki.

7/ Kafin a tayar, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ka tsaya. Ta cek injin, ta baƙin mai, ta batir, ta ABS, ta iyabag, duk sai sun kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ba lafiya ba ce, kashe ta aka yi. Daƙiƙa biyar kacal. Da na san wannan a ranar, da adashin Hajiya bai tafi ba.

8/ Kana tsaye a baya wani ya tayar. Shuɗin hayaƙi, injin na cin baƙin mai. Baƙi, fetur na zuba fiye da ƙima. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ɗan farin tururi na safiyar hunturu kam ba komai ba ne, kada ka tayar da hankalin mutane a kansa.

9/ Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani abu kamar madarar da aka dama da koko, mai yiwuwa ruwa ya haɗu da mai. Buɗe lagireto, injin a sanye, a tayar, ka zuba ido. Kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa? Gasket ne ke sallama.

Don Allah kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Fuska ɗaya gare ka.

10/ Ka lura da fanka. In ana murɗa makulli ta hau juyawa ba tsayawa, an yi mata dairek ne. Kanikawanmu na son wannan, su cire tamostat su ce wai na ƙasar sanyi ne. Wani lokaci al'ada ce kawai, wani lokaci kuma ciwon zafi ake rufewa. Ta Yaya haka take, mu kuma muna tsaye muna yabon sanyin AC.

11/ Injin da aka wanke fes har yana ƙyalli ba ya burge ni yanzu. Motar da ta yi shekara ashirin a duniya, ƙura a injinta shaida ce. A kan ƙura ake ganin inda mai ke tsatsafowa. Wanda ya wanke, ya goge maka shaidar.

12/ Yanzu inda kunya ta fi kama mu: shiga ƙarƙashin mota. Mutum ya ci shadda da hula zanna, ina zai kwanta a ƙasa? To ka sa tsohuwar riga, ko a kai ta kan rami a gareji. Motocin da suka yi zama a Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Sama fes, ƙasa tsatsa. Tsatsar salansa ana canzawa. Ta shasi kuwa, in ka danna ta ɓurme, kama gabanka.

13/ Kana ƙasan, duba indomi. Eh, indomi 😂 wannan tukunyar da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su platinum da palladium, shi ya sa ake farke ta a kwashe a yi walda. Ka ga sabon ɗinkin walda a jikinta, tambaya ta kama. Sayen wata ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai a cire shi daga farashi.

14/ Fenti. Ka kalle ta da rana, daga gefe, ba da dare a ƙarƙashin fitila ba. Ka zo da ɗan mayen ƙarfe a nannaɗe da ƙyalle ka bi jikin. Inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe, fila aka cika. Tazarar bonet da ƙofofi, hagu da dama su zo daidai. Ɗaga kafet ɗin but ka ga ramin safaya, nan ake manta gyarawa in an daki mota ta baya.

15/ Da yawa daga motocin da muke kira Beljiyam ba su taɓa ganin Beljiyam ba. Daga gwanjon Amurka irin su Copart suke, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta ci. A gida ma an yi, ku tuna Maiduguri a Satumban 2024. Motar da ta nutse, wayarin ɗinta ba ya yafewa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka. Duba ƙarfen ƙasan kujeru. Turare mai yawa ma abin tambaya ne.

16/ Ga aikin da ya kamata ɗan boko ya yi, ba rediyo ba. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, tana takarda. Ukun su zo ɗaya. A motocin Amurka, na 10 a jerin shi ne shekara: 4 na nufin 2004, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka dai. A zamanin da ake canza wa mota fuska da fitilu a ce 2015 ce, wannan harafin ba ya karɓar kwalliya.

17/ Sa lambar a intanet. Sau da yawa hotunan gwanjonta za su fito, ka gan ta yadda take kafin masu gyaran jiki su taɓa ta, har da nisan da ta yi a lokacin. Mitar dashbod kam kada ka ba ta amana, ana mayar da ita baya. Kalli robar birki, sitiyari da kujerar direba. Kuma ta Amurka mil take ƙirgawa: mil 150,000 kusan kilomita 240,000 ne.

18/ A sa mata kwamfuta. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wajen jonawa a ƙasan sitiyari. Ko an goge matsalolin da safiyar nan, na'urar za ta nuna motar ba ta gama gwajin kanta ba. Wanda ya iya karantawa ya san an yi shara.

19/ Tuƙi kuma ba zagayen layi ba. Minti talatin aƙalla, AC a kunne, rediyo a kashe. Ka shiga go-sulo, ka hau babban titi, ka bi gargada. Taka birki ka sa D, ka sa R, ka ji ko tana zabura ko tana jinkiri. Kowace mota da ciwon gidansu: EOD ƙafar gaba, kowa ya taɓa ganin wadda tayarta ta kwanta a tsakiyar titi. Camry Muscle mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009, shan baƙin mai. 406 kuma ka tambayi yaushe aka canza tayimin bel.

20/ Takardu: na kwastam, na mallaka, sunan da ke jiki ya dace da katin shaidar mai sayarwa, a rubuta yarjejeniya da shaidu. Kwastam in sun tare ka ba ruwansu da cewa kai ne na uku da ya saya. In kuma ta sata ce, a hannunka aka gan ta.

21/ Wani zai ce to ai bakaniken ma ana haɗa baki da shi. Gaskiya ne, ana yi. Shi ya sa kai za ka zo da shi, ba dillali ba. Ka biya shi kuɗin dubawa tun daga gida, ko an saya ko ba a saya ba, don kada abincinsa ya rataya a kan ciniki. Kuma kada ka bari su keɓe.

22/ Wani kuma zai ce da wannan binciken ai ba za ka taɓa sayen mota ba. Ni ban ce ka nemo marar aibi ba, babu ita a wannan kuɗin. Shokazoba, taya, batir, birki, duk ciniki ne, a lissafa a rage. Injin, giya, shasi, ambaliya, takardu, waɗannan ba a ragi a kansu, tafiya ake yi. "Akwai wani Alhaji zai zo da kuɗi anjima" kuwa, Allah ya sanya alheri, a ba Alhajin.

23/ Karo na biyu ƙanwar Hajiya na raka, malamar makaranta ce, Corolla take so. Ƙarfe bakwai na safe muka isa da bakanike da tabarmar kwanciya. Biyu muka bari. A ta uku dillalin ya ce, "Hajiya, wannan yaron naki ɗan sanda ne?" Anti ta ce, "A'a Alhaji, marayan kuɗi ne." Aka samu shokazoba biyu sun mutu, tayoyin kuma lambar jikinsu 2317, wato sati na 23 na 2017. Aka rage, ta saya. Tana kai ta makaranta kullum.

24/ EOD ɗin Yaya ta tashi, bayan an sa mata wani tof ɗin da kuɗin da ya ranta a wajen aiki. In ya haɗu da dattijon nan har yanzu sai ya russuna ya gaishe shi. Hajiya ce dai ta daina zuwa bikin gidansu, kawu kuma ya ce ba ya son a sake tayar da maganar.