LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon Bayan Da Hutu Ke Tsananta Shi

A wannan mako filinmu ya yada zango ne a Kwadon, garin nan na manoman albasa da tumatir da ke kan hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa. Kwanakin baya na ziyarci wani abokina a can, na tarar da ɗansa, saurayi wanda bai cika shekara 30 ba, yana tafiya a sandare. Na ce, "Samari, lafiya kuwa?" Ya ce, "Baba, bayana ne. In ina aiki a lambu da sauƙi, amma da asuba sai in yi kusan sa'a guda kafin in iya sunkuyawa in yi alwala." Mahaifinsa ya ce ai gajiya ce da sanyi.

To, a nan gizo ke saƙa. Ciwon bayan gajiya, aiki ke ta da shi, hutu ya kwantar da shi. Amma akwai wani iri wanda al'amarinsa akasin haka ne. Yakan fara kafin mutum ya kai shekara 45, ya wuce wata 3 bai tafi ba, ya ta da mai shi daga barci a ƙarshen dare, ya sandarar da ƙugu fiye da minti 30 da safe, sa'an nan ya lafa in an motsa jiki. Likitoci suna kiransa ankilosin sifondilaitis, watau ciwon sandarewar ƙashin baya.

Asalinsa kuwa, garkuwar jiki ce ke juyowa ta auka wa mahaɗar da ke tsakanin ƙashin baya da kwankwaso. Wurin ya yi ta kumbura yana warkewa, jiki kuma yana toshe raunin da sabon ƙashi, har gaɓoɓin baya su manne da juna, su zama kamar sandar gora. Wani lokaci kumburin yakan sauka a gwiwa ko diddige, ko ido ɗaya ya yi ja yana zogi.

A shekarar 1973 masu bincike a Landan da Los Anjalis suka gano cewa mafi yawan Turawan da ke fama da ciwon, kimanin 9 cikin 10, suna ɗauke da wata alamar gado a jini mai suna HLA-B27. Da yake alamar ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata, sai aka ɗauka cewa ciwon bai shafe mu ba. Wani bincike da aka buga a 1997 ya ƙara ɗaure kai: an duba Fulanin Gambiya sama da mutum 1,000, aka ga kimanin 6 cikin 100 na al'ummar suna da alamar, amma ba a sami mai ciwon ko ɗaya ba. Daga baya kuma likitoci a Wagadugu ta Burkina Faso suka ba da rahoton marasa lafiya masu ciwon, da yawansu kuma da alamar. Ke nan ciwon yana da ƙaranci a Afirka ta Yamma, amma akwai shi. Abin da ba a nema kuwa, da wuya a gan shi.

Wani ci gaban shi ne na hoto. Hoton ƙashi na eksire ba ya nuna ɓarnar sai bayan shekaru, alhali na'urar MRI tana iya nuna kumburin ruwa a cikin ɓargon ƙashi tun da wuri. Tun 2009 masana suka sanya wannan hoto cikin ƙa'idojin tantance ciwon.

Sai dai kada mai karatu ya yanke wa kansa hukunci, gama akwai cututtukan da ke kama da wannan. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya har ya fito da doro. Madarar da ba a tafasa ba tana iya kawo cutar bakkale, wadda ke kama ƙugu. Haka kuma ruwan rijiya mai yawan sinadarin fuloraid, irin wanda ya rina haƙoran mutane a yankin Kaltungo, yana taurara gaɓoɓi in an daɗe ana sha. Shi ne ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara a Tibiri, kusa da Maraɗi. Kowace da maganinta, likita ne kaɗai zai rarrabe.

Magani fa? Ƙashin da ya riga ya manne ba ya rabuwa, amma ana iya rage zafi a kuma kiyaye motsin jiki. Ginshiƙin jiyya shi ne motsa jiki kullum, da barin taba, da magungunan rage kumburi bisa umurnin likita. A 2003 Amurka ta amince da allurar farko mai toshe sinadarin kumburi na TNF domin wannan ciwo, ko da yake tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne ƙwayoyin haɗe-haɗe na 'yan talla. Suna kashe zafi na yini guda, amma yawan shansu yana kawo gyambon ciki, ya lalata ƙoda, wasu kuma su kumbura fuska da ƙafafu.

Na roƙi abokina ya kai yaron Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ya kuma faɗa wa likita wannan magana ta asuba kamar yadda ya faɗa mini. Bayan manomi shi ne jarinsa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa.