Matuƙin jirgi a shagon gyaran waya

A wani shagon gyaran waya da ke bakin Kasuwar Muda Lawal a Bauchi na fara tuƙa jirgin sama. Ƙanena ne ya zaunar da ni gaban kwamfutarsa, bayan ya ƙara Diamond DA42, ƙaramin jirgi mai inji biyu, cikin manhajar Microsoft Flight Simulator. Da irinsa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya take horar da ɗalibanta.

Ina tsakiyar tafiya ya kashe injin hagu. Nan take hancin jirgin ya karkata hagu, ya ce in taka fedar dama. Na makara, na faɗo. Shi kuwa ya sauke shi lafiya.

Manhaja ba ta ba da lasisi, ba ta maye gurbin malami. Sai dai kuɗin horon matuƙi ya fi ƙarfin ɗan mai sayar da tumatir. Ya kamata masu tsara kasafin ilimi a Abuja su sanya irin wannan na'ura a makarantun kimiyya na gwamnati, a gano masu baiwa tun suna ƙanana, a ɗauki nauyinsu zuwa Zariya. In ba haka ba, irin ƙanena a shago za su tsufa.