Tunkiya Uwar Tamɓele? Wani Tunani Kafin Layya

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani abu da na gani a hanyar Tsafe zuwa Gusau ana jibi Babbar Sallah, wanda har yanzu ya ƙi barin zuciyata. Wani mai babur ne ya ɗauko raguna biyu, an haɗa ƙafafun kowanne an ɗaure tamau, ɗaya a kan tanki, ɗaya a baya kansa na reto dab da salansa, ga rana tana dukansu. Da muka tsaya a wani shinge na leƙo ta taga na ce masa, "Malam, don Allah gyara wa ragon nan kai, zai ƙone." Ya waiwaya ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, dabba ce fa, me ta sani? Jibi ma wuƙa za ta sha."

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin a kan wannan fahimta aka raine mu. Bahaushe ya yi wa tunkiya kirari da uwar tamɓele, kuma idan aka ce da yaro tunkiya, to an zage shi da daƙiƙanci ke nan. Ni kuwa ina ganin wannan hukunci ba a yi shi bisa adalci ba, kuma shi ne ƙofar da zalunci mai yawa yake shigowa cikin wata ibada da muke neman kusanci ga Allah da ita.

A Bungudu na tashi, a gidan da ba ya rabuwa da turke. Da safe yara kan kora tumakin unguwa gaba ɗaya zuwa bakin gulbi, su cakuɗe, 'yan ƙasa da udawa masu rabi baƙi rabi fari, da ɗaiɗaikun balamai na masu hali. Da la'asar sakaliya idan suka shigo gari babu mai raba su. Kowace tunkiya idan ta zo daidai ƙofar gidansu sai ta ware da 'ya'yanta ta shige zaure, saura su wuce. Mun ga wannan sau dubu ba mu taɓa tsayawa mun yi tambaya ba. Akwai wata tunkiya ta Innarmu da ta san takun Inna daban da na kowa a gidan, ta san ƙarar ƙwaryar dusa daban da ta ƙwaryar wanke-wanke. Shekarar da aka sayar da ɗanta saboda wata lalura, kwana uku tana kuka, ga harawa a gabanta ta ƙi taɓawa, da an kwance ta sai ƙofar zaure inda aka fita da shi. Mu yara muka ce ta dame mu. Inna ta ce, "Ku ƙyale ta, ɗanta taka biɗa."

Na san abin da wani zai ce: ai sabo ne kawai, kuma sabo turken wawa. To, bari mu duba abin da waɗanda suka zauna suka gwada suka samu.

A shekarar 2001, wani masani mai suna Keith Kendrick da abokan aikinsa a Cibiyar Babraham da ke kusa da Kambirij a Ingila sun buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Sun riƙa nuna wa tumaki hotunan fuskokin wasu tumaki bibbiyu, wadda ta zaɓi fuskar da ake so sai ta sami abinci. Tumakin nan sun riƙe fuskoki 50, kuma bayan fiye da shekara biyu ba su mance su ba. Ya ɗan uwa mai karatu, tsakaninka da Allah, kai za ka iya bambance fuskokin tumaki 50 a hoto? A 2004 kuma masanan wannan cibiya suka gano cewa idan aka ware tunkiya ita kaɗai a ɗaki hankalinta ya tashi, da an nuna mata hoton fuskar 'yar uwarta sai bugun zuciyarta ya sauka, kukanta ya ragu, sinadaran firgita da ke cikin jininta su yi ƙasa. Sai kuma 2017, inda Jenny Morton ta Jami'ar Kambirij ta koya wa tumaki 8 gane fuskokin mutane huɗu a hoto, cikinsu har da Barack Obama, suka riƙa dacewa kamar sau 8 cikin 10. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan gwaji shi ne sun gane hoton mai kula da su ba tare da an koya masu ba. Wato sun haɗa mutumin da suka sani da jikinsa da inuwarsa da ke kan allo. Wannan ya wuce sabo.

Batun uwa da ɗa kuwa kowane makiyayi malami ne a kai. A cikin 'yan awoyin farko bayan haihuwa, tana lasar ɗanta tana riƙe ƙanshinsa, daga nan ba ta ƙara yarda wani ya sha nononta, sai ta tunkuɗe shi. Daga baya ta san kukansa ko da a tsakiyar garke ne.

Sai dai kada mu ɗauka Turawa ne suka fara lura. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da yake bayanin ƙarfafan da Allah Ya sanya a cikin rai, da tunkiya ya buga misali. Ya ce ido launi da siffa kawai yake gani, amma tunkiya idan ta ga kyarkeci tana riskar ƙiyayya a tare da shi, idan ta ga ɗanta tana riskar abin tausayawa, alhali ƙiyayya da tausayi ba su da launi. Ya kira wannan ƙarfi da wahami. Ba hankali ne irin na ɗan Adam da aka ɗora wa shari'a ba, ni ma ban ce haka ba, amma riska ce ta gaske, kuma mai riskar haɗari yana jin tsoro.

Mu dawo gida. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar yadda muke al'umma. Bukhari ya ruwaito cewa babu Annabin da Allah Ya aiko face ya yi kiwon tumaki, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan 'yan kuɗi kaɗan. Malamai sun ce hikimar ita ce a koyi haƙuri da tausayi da sanin halin kowace ɗaya kafin a riƙe mutane. Ana iya koyon sanin hali a wurin abin da ba shi da hali?

Ibn Abbas ya ba da labarin wani mutum da Annabi (SAW) ya tarar ya kayar da tunkiya ya taka ta, yana wasa wuƙa tana kallonsa. Annabi ya tsawata masa, ya tambaye shi ko so yake ya kashe ta fiye da sau ɗaya, don me bai wasa wuƙar ba kafin ya kwantar da ita. A tsaya a nan a yi tunani. Da a ce ba ta fahimtar komai, da wannan tsawa ba ta da ma'ana. Mutuwar farko da ake nufi ita ce ta firgici. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ya wajabta kyautatawa a kan komai har yanka, a kaifafa wuƙa a hutar da abin yanka. A cikinsa kuma akwai ranar da Annabi (SAW) ya baƙunci wani mutumin Madina ya hana shi yanka mai shayarwa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga mai jan tunkiya da ƙafa zuwa mayanka, ya umarce shi ya kai ta ga mutuwa cikin lallami. Hadisin da ya fi sanyaya mini jiki shi ne na Abu Huraira a Muslim, cewa ranar Alƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Idan tunkuyin tunkiya ga tunkiya bai faɗi ƙasa banza ba, ina ga salansar babur?

A nan Zamfara lamarin yana da wata fuska mai zafi. Tun da satar dabbobi ta addabe mu, har a watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya, yawanci lissafin shanu ake yi. Amma tunkiya ita ce asusun mace da talaka, ita ce kuɗin magani da kayan ɗakin 'ya. Wani kawuna da ke wani ƙauye a ƙasar Tsafe an kore masa tumaki cikin dare. Bayan 'yan makonni yana zagaye a karar wata kasuwa, ya ga wata uda da ya yi zargi, bai ce da kowa komai ba, ya tsaya daga nesa ya yi irin kiran da yake masu lokacin ba da dusa. Ta ɗaga kai ta amsa, ta ja igiya sai da ta kusa kayar da yaron da ke riƙe da ita. Ya ce, "Wagga tunkiya tau ta." Dattawan wurin suka bincika, aka sami shaidu, aka mayar masa. Sauran har yau babu labarinsu. Don haka duk wanda aka yi wa tayin rago da araha mai ban tsoro gab da Sallah, ya tambayi asalinsa, domin ba a yin layya da dukiyar wani.

Wani aboki da na karanta wa wannan ya ce na fara zama kamar Turawan nan da suka haramta wa kansu nama. A'a. Yanka halal ne, layya sunna ce mai ƙarfi tun daga Annabi Ibrahim (AS), kuma in Allah Ya kai mu zan yanka nawa da hannuna. A cikin Al-Adabul Mufrad na Bukhari wani sahabi ya faɗa wa Annabi (SAW) cewa yana yanka tunkiya yana jin tausayinta, Annabi bai hana shi yankan ba, ya yi masa albishir da rahamar Allah saboda tausayin. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma malaman fiƙihu sun riga sun rubuta shi: a ja rago da igiya a hankali, a ba shi ruwa da inuwa ko da saura awa ɗaya, a wasa wuƙa a bayan idonsa, kada a yanka wani a gaban wani. Wannan na ƙarshe shi muka fi saɓawa, don a ƙofar gidajenmu a Gusau za ka ga raguna biyar a jere a turke, ana kayar da na farko saura na kallo suna jan igiya, yara na shewa. Ina ma limamanmu za su ba wannan ko da minti biyar a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah, kuma Sarkin Pawa na kowane gari ya ja kunnen yaransa.

Shi kuwa mai babur ɗin nan, da aka buɗe hanya ya riga mu tashi. Mun sake cim masa kafin mu shiga Gusau, ya tsaya a gefen titi ƙarƙashin wata bishiya, ya cire rawaninsa yana naɗewa yana cusawa tsakanin kan ragon da ƙarfen. Bai gan mu ba, mu ma ba mu tsaya ba.