Kaisar na wasan barkwanci: abin da Faransawa ke ɓoyewa a cikin rigar Rumawa

Daular Rum ta sake dawowa kasuwar finafinai. An fitar da Gladiator II a watan Nuwamba na 2024, sannan a Afrilun 2025 Netflix ta saki sabon shirin Astérix na Alain Chabat. Duk lokacin da haka ta faru, tsofaffin finafinan barkwanci na zamanin Rumawa su ma sukan farfaɗo a tashoshin talabijin na Faransa da kuma intanet. Daga nan ne suke isa gidajen da ke kallon Canal+ a Damagaram, Garwa ko Njamena.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Deux heures moins le quart avant Jésus-Christ, wanda Jean Yanne ya shirya a 1982. Mutum sama da miliyan 4 da rabi ne suka kalle shi a silimomin Faransa. Labarin yana faruwa ne a wani ƙagaggen gari mai suna Rahatlocum, a yankin arewacin Afirka da Rumawa suka mallaka, kuma a Tunisiya aka ɗauke shi. Coluche ya fito a matsayin Ben-Hur Marcel, makanikin keken doki da ya tsinci kansa a gaban masu bore. Michel Serrault kuwa shi ne Kaisar, da rangwaɗa da karya murya irin na ɗan daudu.

Uban da ya ga sulke da takuba a allo ya ɗauka darasin tarihi ne, ya bar yara su kalla, zai ji kunya kafin a yi nisa. Akwai zantukan batsa da shigar da ba ta dace da falon iyali ba, kuma dariyar da ake yi wa Kaisar ta tsufa, har a Faransa kanta.

Sai dai wanda ya tsaya a kan batsar ya rasa inda gizo ke saƙa. Irin wannan raha ba Faransawa suka ƙirƙiro ta ba. Tun kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Rumawa Plautus yana rubuta wasannin da bawa ya fi ubangidansa wayo, tsoho kuma yana bin yarinya yana shan kunya. Daga wasanninsa aka ɗauko fim ɗin A Funny Thing Happened on the Way to the Forum na 1966. Dabarar ɗaya ce: a sa mutane dariya da abin ƙasa da cibiya, a shigar da zagin masu mulki ta bayan gida.

A fim ɗin Yanne, talakawa suna kuka da haraji da tsadar rayuwa, manya suna shagali, ana kuma lallashin jama'a da wasanni a filin taro. An cusa talabijin da tallace-tallace cikin zamanin Kaisar da gangan, domin kowa ya gane da wa ake. Ga shi kuma Coluche bai daɗe da girgiza 'yan siyasa ba: ya ayyana takarar shugaban ƙasa a ƙarshen 1980, ya janye kafin zaɓen 1981. Masu kallo sun san fuskar da suke gani.

Wannan ne ya sa batun almakashi yake da wuya. Ƙasashen Ireland da Norway sun haramta Life of Brian na 1979, wanda shi ma a Monastir ta Tunisiya aka ɗauka, haramcin kuma ya ƙara masa suna ne kawai. Hukumar da ta ce tana kare tarbiyya tana iya yanke batsa, ta haɗa da habaicin da ya taɓa gwamnati, ba mai iya bambancewa. Bayyana shekarun da suka dace da kallo kafin fim ya fara ya fi wannan amfani ga iyaye, ko da yake guntayen bidiyon da ke yawo a WhatsApp ba sa zuwa da irin wannan gargaɗi.

Akwai kuma abin da mai kallo ɗan Afirka zai lura da shi da wuri: a ƙasar Afirka aka kafa labarin, amma duk manyan 'yan wasan da ke da bakin magana daga Paris suka zo.