Me Kake Saurare? A Ba Mu Amsa Cikakkiya



Tun da aka dawo daga hutu, tambayar da ta fi yawo a bakin aji da layin abinci ita ce, "Me kake saurare kwanan nan?" Tambaya ce mai daɗi, don aboki ake yi wa ita. Amsar ce ke damuna. Yawancinmu sai mu rera layi biyu da muka tsinta a TikTok mu ce ga ta nan. Tambayi mutum sunan albam ɗin, shiru. Wa ya rera? "Wani ne ɗan Kano." Me ya faɗa a baiti na uku? Ashe bai ma san akwai baiti na uku ba.

Ni a ganina wanda ya ji daƙiƙa 30 na waƙa bai isa ya ce ya saurare ta ba. Mu da muka taso kusa da kasuwar albasa ta Aliero mun san ɗan kasuwar kirki ba ya biyan kuɗin buhu don ya ga manyan da aka jera a sama. Sai ya sa an zazzage ya ga na ƙasa. Guntun da ke yawo a waya shi ne saman buhu. Wani mawaƙin, in ka zazzage, za ka tarar amshin nan ne kawai yake da shi, sauran duk maimaici ne da ƙarar na'ura. Wani kuma zaƙinsa na can ciki, a waƙa ta biyar ko ta shida wadda ba wanda ya yi rawa da ita a bidiyo.

Iyayenmu ba su da wannan matsalar. Kaset ɗin minti 60 ko 90 suke saya, su sa a rikoda, ya ƙare su juya ɗaya gefen. Batir na da tsada, ba a wasa da shi wajen tariya gaba da baya, don haka dole a ji komai. Shi ya sa har yau za ka ga dattijo a Jega ya kawo maka waƙar Mamman Shata daga farko har ƙarshe, alhali Shata ya rasu tun 1999. Mu kuwa memori muke kai wa mai tura waƙa a kasuwa ya cika mana, ko aboki ya turo ta Xender. Waƙoƙi ɗaruruwa a aljihu, rabinsu ba suna, ba a san mai su ba. Kuma mu faɗi gaskiya, a irin wannan turawar ko kwabo ba ya kaiwa hannun wanda ya biya kuɗin situdiyo.

Ba na cikin masu cewa waƙar zamani duk shirme ce. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta cika gidaje a 2020 lokacin kullen korona, kuma ta cancanta. Nura M. Inuwa ya daɗe yana fitar da albam sukutum, waƙoƙi a jere da aka shirya don a ji su tare. Aminu Ala yana auna kalma kamar mai auna zinari. Duk wanda ya ce ɗayansu yake saurare, madalla. Abin da nake nema shi ne ya iya gaya mana dalili.

Akwai kuma wata kunya da nake so mu yar. Na lura in yaro ya ce Narambaɗa yake ji, ko Ɗankwairo, ko Ɗan Anace mai waƙar Shago ɗan dambe, ko Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, sai a bushe da dariya a ce masa ɗan tsoho. Alhali waɗannan su ne suka yi waƙa da irin Hausar da muke yi a gida, Hausar da muke ɓoyewa in mun haɗu da 'yan Kano. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jiharmu, littafi guda ya rubuta a kan Narambaɗa. Kuma duk mai ɗaukar Hausa a WAEC ko NECO ya san adabin baka na jiransa a ɗakin jarrabawa. Wanda ya saba jin kirari da zambo da habaici a bakin masu abin, ba sai ya haddace ma'anarsu daga allo ba.

To, ga wanda ya fi kowa kusa da mu, kuma ya fi kowa wuyar sha'ani: marigayi Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada, a ƙasar Maiyama, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ya rasu a 2016. Da kalangu ya yi shekaru yana wasa ɓarayi, yana kiran sunayensu, yana ba da labarin ɓarnarsu cikin raha. Daga baya ya bayyana cewa ya bar wannan layin. Har gobe waƙoƙinsa na cikin wayoyin 'yan acaɓa da direbobin hanyar Jega zuwa Koko, kuma na san suna cikin memorin wasu daga cikinmu.

Ya dace ɗalibi ya saurare shi? Wani malami zai ce a'a, kuma yana da hujja. Wanda aka taɓa kore wa shanu ko aka yanke wa aljihu ranar kasuwa ba zai ga abin dariya a waƙar da ke zuga ɓarawo ba. Ni dai ina ganin haɗarin ya fi yawa ga mai jin guntu. In ka tsinci wurin zugar kaɗai, ɓarawo gwarzo ne. In ka zauna ka ji waƙoƙin da kyau, za ka ji gudu da ɓuya da duka da gidan yari a ciki, ka kuma ji fasahar harshen da ta sa malaman jami'a suka yi nazarinsa. Kana iya yaba gwanintar ka ƙi sana'ar da ake wasawa. Sai dai wannan rarrabewar ba ta samuwa ga wanda ke ji a ɓoye, ba ya tattaunawa da kowa.

Na san a cikinmu akwai waɗanda gidansu ba a jin kiɗa sam, kuma ba wanda zai matsa musu. Su ma suna da abin kawowa: Imfiraji ta Aliyu Namangi da waƙoƙin Nana Asma'u ana rera su ba ganga ba kalangu. Dokar makaranta kan waya ma tana nan daram, kada wani ya je ya ce 'yan jarida ne suka ba shi izini. Sauraro na gida ne da lokacin hutu.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce a ware kusurwa ɗaya a wannan allo. Duk mako mutum uku, ɗalibai biyu da malami ɗaya, su rubuto abin da suke saurare: sunan mawaƙi, sunan albam ko kaset, waƙar da ta fi kama su, da wadda suke ganin ba ta kai ba. Layi biyar sun isa, amma sharaɗin shi ne ka ji shi duka kafin ka ɗauki biro. Wanda bai yarda da kai ba ya rubuto raddi mako mai zuwa, da sunansa da ajinsa. Malaman lissafi da na kimiyya muke so su fara, don mun daɗe muna zargin akwai masu Ɗankwairo a cikinsu.