Rariyar Kwamfuta Ba Ta Ɗauke Wa Mai Dukiya Hisabi

 

Sayen hannun jari ya daɗe da barin ofisoshin dillalai na Legas, ya shigo aljihun jama'a. Ma'aikaci a birnin Daura, ko mai fataucin shanu a Mai'aduwa, ko malamin makaranta a Zango da Baure da Sandamu, kowa yana iya mallakar wani yanki na kamfani ta wayarsa. Tare da haka aka samu manhajojin tace hannayen jari, irin su Zoya da Musaffa, waɗanda ke jero wa mutum kamfanoni, su sanya wa wannan alamar halal, wancan alamar haram. Muna maraba da wannan sauƙi, amma wajibi ne 'yan'uwa su san abin da ke bayan alamar.

Tacewar hawa biyu ce. Da farko ana duba sana'ar kamfanin, a fitar da masu harkar giya da caca da naman alade da bankunan kuɗin ruwa. Sannan a duba lissafinsa. Hukumar AAOIFI, wadda aka yi wa rajista a Bahrain a 1991, ta shar'anta cewa bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shigarsa na haram kuma kada ya wuce kashi 5. Ma'aunin Dow Jones na Musulunci, da aka soma a 1999, ya ɗauki kashi 33. A ƙasarmu, kasuwar hannayen jari da kamfanin Lotus Capital sun fitar da nasu jerin a 2012.

Ke nan kamfani guda yana iya tsallake wata rariya ya maƙale a wata, domin kwamfuta ba ta yin fatawa, fatawar wasu take aiwatarwa. Waɗannan kason kuwa ijtihadi ne na malaman zamani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa asali haramun ne shiga kamfanin da yake taɓa kuɗin ruwa, ko da ainihin sana'arsa halal ce. Waɗanda suka yi rangwame sun yi shi ne saboda buƙata, bisa sharaɗin tsarkakewa.

Wannan sharaɗi shi ne mafi yawan masu saye suke mancewa da shi. Idan kashi 3 na kuɗin shigar kamfani daga kuɗin ruwa ya fito, aka ba ka rabonka naira 10,000, to naira 300 ba taka ba ce, ka fitar da ita ga mabuƙata. Zakka kuma tana nan daban. Haka nan kamfanin da ya tsallake bana yana iya cin sabon bashi baɗi ya faɗi, saboda haka dubawa ɗaya ba ta wadatarwa.

Sannan alamar halal ba lamunin samu ba ce. A 2008 farashin hannayen jari ya rushe a Najeriya, mutane da yawa suka rasa abin da suka tara, musamman waɗanda suka ci bashi suka saya. Mai tarin kuɗin aikin Hajji na baɗi da saurayin da zai iya jira shekara goma ba su da buƙata ɗaya. Kowa ya fara tantance manufarsa da wa'adinsa kafin ya tambayi manhaja. Wanda ba ya jure hawa da saukar farashi yana iya duba sukuk, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Muna kira ga 'yan'uwa da su tabbatar dillalin da suke saye ta hannunsa yana da rajistar hukumar SEC, domin darasin MMM na 2016 da na CBEX na 2025 ya isa wa'azi. Muna kuma kira ga malamanmu a masarautar Daura da su mayar da babin ciniki da kamfanoni cikin karatun masallatai, su koyi karanta rahoton shekara na kamfani, don su amsa wa jama'a da ilimi. Ranar da za a tambayi bawa inda ya samo dukiyarsa, shi kaɗai zai amsa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram. Amin.